Laifin turbo ne ko namu?

1/ Duk mai neman mota 'yar Kwatano a nan Illela, shawarar farko da za a ba shi ita ce "guji mai turbo". Ni kuwa Sharan ɗin yayana mai injin 1.8T ce ke biya min kuɗin makaranta, to bari in ɗan kare ta.

2/ Turbo fanka ce da hayaƙin inji ke juyawa, ita kuma ta cusa wa injin ƙarin iska. Takan wuce juyi 100,000 a minti ɗaya. Baƙin mai ne ke shafe ta, yana rage mata zafi.

3/ Direba ya taso daga Sakkwato a guje, yana shiga tasha sai ya kashe mota. Mai ya daina zagayawa, wanda ya rage cikin turbo ya ƙone, ya toshe hanya. Yayana sai ya bar ta a silo minti 2, abokansa na dariya wai ɓarnar fetur.

4/ Ga baƙin man awo na bakin titi, ga jinkirta juye. Dama an san 1.8T da tara dattin mai. Ga ƙurar hunturu: matatar iska ta yage, yashi ya cinye fikafikan fankar.

5/ Tana fa yin gargaɗi. Shuɗin hayaƙi, mai take ƙonawa. Ta daina ja, a duba tiyo ko iska na zurarewa. Ta fara kuka kamar jiniya, maza gareji.

6/ Tun cire tallafin mai a 2023 kowa lissafin lita yake, na sani. Amma mota ta yi mako a gareji, gida nawa ne ba za a ɗora tukunya ba?