Shuɗin Da Ya Koma Baya

Har gobe, idan na ga tururi na tashi daga tukunyar kamu, sai zuciyata ta koma wani ɗan ɗakin gwaji mai fanka ɗaya, wadda ƙararta ta fi iskarta yawa. A nan Malam ya fara dafa mana garin aga a kan risho. Farin gari ne da ake samu daga ciyawar teku. Giram ɗaya a ruwa mililita 100, a tafasa har ya yi garau, yana fitar da ɗan ƙarni irin na bakin tafki. Sai a juye a faranti, a kafa masa mataji, a jira. In ya huce ya kama jikinsa kamar agidi, a zare matajin a hankali, haƙoransa su bar 'yan ramuka a jere.

Malam ba ya gaggawar faɗin sunan abu. Sai da muka yi kwana biyu muna aikin kafin mu ji kalmar elektroforesis daga bakinsa. Ya jona ƙananan batira biyar masu bolt tara-tara, ya nutsa farantin cikin ruwan gishirin gwaji, ya miƙa mana kwalaben launi, ya ce kowa ya ɗiga nasa a rami. Hannuwa na rawa, wasu suka huda ramin, launin ya bazu kamar an ɓarar da tawada a allo. Da aka haɗa waya, 'yan kumfa suka fara tasowa a gefe biyu. Ya harɗe hannuwa ya ce, "To, yarana, me kuke jin zai faru?"

Muka yi ta kawo hasashe, shi kuwa yana rubuta kowanne a allo da sunan mai shi, har da na wanda ya rantse launin zai dahu. Bayan kamar rabin sa'a, launuka suka fito daga ramukansu suka nufi jar waya, wani na sauri, wani na jan ƙafa. Shuɗi ɗaya ne kawai ya juya ya nufi baƙar waya. Mai shi ya ɗora hannu a ka: "Allah gafarta Malam, nawa ya ɓata hanya!" Aka kwashe da dariya. Malam ya ce, "Ko dai shi ma ya san inda za shi?"

Wannan tambaya ta hana mu cin abincin rana. A ƙarƙashin darbejiya muka zauna muna gardama, har wata daga cikinmu, wadda ba ta cika magana ba, ta ce ai kishiyoyi ne ke jan juna a lantarki. Wanda ya koma baya, cajinsa daban ne. Haka kuwa yake: shuɗin metilin ne, mai caji irin na jar waya, shi ya sa ya guje ta. Wani kuma ya tuno da mahaifiyarsa tana tankaɗe, ya ce agar nan rariya ce, ƙanana su wuce, manya su maƙale. Sai a sannan Malam ya buɗe baki, ya ce da haka ake rarrabe gutsattsarin DNA: duka suna bin jar waya saboda fosfet ɗin da ke jikinsu, gajeru su yi nisa, dogaye su tsaya kusa da gida.

A mako na gaba ya kawo siririyar takarda daga ɗakin gwajin jini, da 'yan layuka ja-ja a kanta. Bai ce komai ba. Mu da kanmu muka lura wani jinin layi ɗaya ya ba da, wani biyu. Ya ba mu labarin Linus Pauling da abokan aikinsa, waɗanda a 1949 suka nuna cewa himogulobin na mai sikila tafiyarsa daban ce a lantarki. Mai layi biyu shi ne AS, wato mai ɗauke da ƙwayar sikila. Ɗakin ya yi tsit, domin kusan kowannenmu ya san gidan da ake kwana ana danna wa yaro ƙafa saboda amosanin jini. Ranar ce wasan launi ya zame mana maganar aure da haihuwa.

Daga baya ni ma na riƙe alli shekaru masu yawa. Ɗaliban yanzu suna shigowa aji sun riga sun kalli komai a waya, sun san amsa tun aga bai huce ba. Ban ga laifinsu ba, kuma kayan aikinsu sun fi namu kyau nesa ba kusa ba. Abin da nake yi musu kwaɗayi kawai shi ne wannan rabin sa'ar, kawuna ashirin sun sunkuya kan faranti ɗaya, ba wanda ya san abin da zai fito.

Malam ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansa. Har na yi ritaya, duk shekara sai na saka kwalbar shuɗin nan cikin sauran, na harɗe hannuwa, ina jiran wanda zai ce nasa ya ɓata hanya.