Kunkurun Kawu

A hutun da ya wuce, lokacin da hunturu ya kankama, mahaifiyata ta tura ni wurin ƙaninta, wanda ke kula da tafkin iyo a wani otal. Raina bai so ba, don a ganina ɗan sakandare ya wuce tsince ganye a ruwa.

A can na tarar da wata na'ura mai share ƙasan tafkin da kanta. Ma'aikata suna ce mata Kunkuru, saboda rarrafen da take yi. Daga baya na karanta cewa wani injiniya, Ferdinand Chauvier, ya fito da irinta a Afirka ta Kudu a 1974, da sunan Kreepy Krauly. Ba ta da batir, ba ta da waya. Wani dogon tiyo mai gaɓa-gaɓa ne ya haɗa ta da injin jan ruwa. Idan injin ya zuƙo ruwa, sai wani ɗan harshe da ke cikinta ya riƙa kaɗawa, kat-kat-kat, wannan fizgar ce ke tura ta gaba tana haɗiye datti.

Ran nan Kawu ya ce in fitar da ita, in ɗauraye, in shimfiɗe tiyon a miƙe cikin inuwa. Ni kuwa ina saurin zuwa kallon ƙwallo, sai na nannaɗe shi tamau, na yasar a kan siminti. Kwana biyu yana shan rana. Da na tuna, na finciko shi da ƙarfi na warware, na yi gum da bakina.

Ran Litinin Kunkuru ya ƙi motsi. Ƙura ta kwanta a ƙasan ruwa. Manaja ya zo ya ce akwai baƙi ran Laraba, in ba a gyara ba za a sayi sabo a riƙa cirewa daga albashin Kawu. Gabana ya faɗi, don na san da albashin nan ake biyan kuɗin makarantar 'ya'yansa.

Kawu bai ruɗe ba. Ya ce, "Ɗana, mai gyara daga ƙaramin abu yake farawa." Ya kashe injin tukuna, ya zazzage kwandon da ke tare ganye, ya wanke tankin yashi mai tace ruwa. Sannan ya buɗe cikin Kunkuru, ya zaro ƙwallon darbejiya da ya maƙale a gindin harshen. Aka kunna. Ya ɗan taɓa tafiya, ya tsaya. Kawu ya nuna mini kumfa tana fitowa ta bakin da ruwa ke dawowa, ya ce iska na shiga ta wani wuri. Ya riƙa ɗaga tiyon gaɓa bayan gaɓa yana kara kunne. A ta takwas muka ji tsuwa. Ga tsaga nan daidai inda na lanƙwasa.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Na sunkuyar da kai na ce, "Kawu, ni ne." Ya dube ni jim, ya ce, "Tun da na ga lanƙwasar na sani. Jira nake in ji daga bakinka."

Ya cire gaɓar, ya sa wata daga ajiya. Sauran muka shimfiɗe a rana har suka miƙe, muka cika tiyon da ruwa kafin mu haɗa. Da na ji kat-kat-kat ɗin nan, sai da na yi tsalle. Kafin magaribar Talata ana hango ƙasan tafkin tas.

'Yan'uwana ɗalibai, yanzu in aka ba ni kayan aiki a ɗakin gwaji, inda aka ce in mayar, nan nake mayarwa. In kuwa na fasa, ni ne farkon mai faɗa.