Baiko a gonakin Tekila

Matafiyin da ya bar birnin Gwadalahara na ƙasar Meksiko ya nufi yamma, kafin ya ci kilomita 60 sai ya ga duwatsu sun yi shuɗi iyakar ganinsa. Ai ba komi ba ne illa agabe, wata shuka mai kama da kabar giwa, an jera ta layi-layi bisa jar ƙasa, daga bakin hanya har gindin wani tsohon dutse mai aman wuta da ya daɗe da mutuwa. A nan garin Tekila yake, cikin jihar Halisko, kuma daga sunansa giyar da ake kira tekila ta samo nata. Tun 2006 hukumar UNESCO ta sa waɗannan gonaki cikin kayan tarihin duniya.

A can, neman aure na bisa al'ada shi ne iyayen saurayi su tafi gidan yarinya su roƙi a ba ɗansu. Amma yanzu masu hali, har daga Amurka, sukan yi hayar fili a tsakiyar gona domin baiko. Da la'asar sakaliya a kafa rumfa, a kira makaɗan mariyaci da manyan malafunansu da kakaki da goge, saurayi ya durƙusa ya miƙa zobe, dangi su ɗau shewa. Ba goro, ba alawa. Lemu shi ne sarkin wurin.

Abin da ake fara miƙa wa baƙo sunansa kantarito. Ɗan tulun yumɓu ne da aka jiƙa da ruwa don ya riƙe sanyi, a shafa wa bakinsa gishiri da barkono, a matse lemun tsami da lemun zaƙi da babban lemun nan mai ɗaci da Faransawa ke kira pamplemousse, a zuba ƙanƙara da lemun kwalba, sannan a ƙara giyar. Garin Amatitan da ke kan hanyar ya yi suna da shi. Wanda ba ya shan giya, kamar akasarin masu karanta wannan shafi, in ya ce a bar ta sai a bari, kuma tulun ba ya rasa daɗinsa. Akwai kuma ƙanƙarar lemun tsami da ake haɗawa da hannu: a sa gwangwani cikin ganga ta itace cike da ƙanƙara da gishiri, a yi ta juyawa har ruwan ya daskare, a raba gida biyu, na manya da giya, na yara babu.

To, mai karatu ɗan kasuwa, ga inda hankalina ya fi tsayawa. Tun 1974 gwamnatin Meksiko ta fara kare sunan da doka, kuma a yau ba wanda zai kira giyarsa tekila sai in an yi ta a Halisko ko wasu sassa na jihohi 4, daga shuɗin agabe, kuma aƙalla kashi 51 cikin 100 na sukarinta daga shukar ya fito. A 1994 aka kafa hukumar da ke sa ido kan haka. Masu albasar Galmi da masu kilishi, waɗanda su ma aka yi wa kayansu rajistar suna, ya kamata su dubi wannan misali da kyau.

Sai dai suna ya kare kwalba, bai kare manomi ba. Agabe yana shekara 6 zuwa 8 a ƙasa kafin masu sara su zo da wani ƙarfe mai kaifi kamar bakin hauya, su sassabe ganyen, su fidda gindin mai siffar abarba, wanda kan fi kilo 30, a kai shi tanderu. Da kilo ya kai kimanin peso 30 a 2021, kowa ya bazama shuka. A 2024 kaya suka yi yawa, farashi ya faɗi ƙasa da peso 10, wani wuri ma har peso 2. Mai gonar da ke kusa da hanya yana iya rage asara da kuɗin hayar masu baiko da masu ɗaukar hoto. Wanda tasa ke bayan dutse kuwa, sai ya zaɓa: ko ya sayar a faɗuwa, ko ya bar shukar ta fidda doguwar sandar furenta, ta shanye sukarin da ya yi shekaru yana jira.