Na'ura Biyu, Suna Ɗaya



A ajinmu na JSS 2 akwai yara biyu masu suna ɗaya. Idan malam ya kira rajista, tare suke amsawa. Ashe na'ura ma tana shiga irin wannan ruɗani.

A wannan zangon an kawo wa ɗakin kwamfutarmu ƙananan kwamfutoci biyu masu araha, kowace ba ta fi tafin hannu ba. Idan muka kunna ɗaya, intanet lafiya lau. Da mun kunna ta biyu, sai su riƙa yankewa.

Malaminmu na kwamfuta ne ya gano dalili. Ya ce duk na'urar da ke hawa intanet tana da lambar shaida da ake kira adireshin MAC. Lambobi ne da haruffa guda 12, daga 0 zuwa 9 da A zuwa F, kuma shidan farko na kamfanin da ya ƙera ta ne. Namu biyun lambarsu ɗaya, shi ya sa rauta ta rasa wadda za ta ba saƙo.

Malam ya rubuta umarni, ya sauya wa ɗaya lamba, komai ya daidaita. Washegari da muka kunna ta, sai tsohuwar lambar ta dawo. Sai ya sa umarnin a ɗan fayil da kwamfutar ke karantawa duk lokacin da ta tashi. Muka kwafe layukan a littattafanmu.

A nan Shaiɗan ya zo. Rautar makaranta ba ta karɓar kowa sai lambobin da aka yi wa rajista. Wani a cikinmu ya ce mu ari lambar wayar wani malami, mu sha data a ɓoye. Gaskiya ranmu ya biya.

Amma da muka yi tunani, wayar malamin ce za ta riƙa yankewa, kuma duk abin da muka buɗe da sunansa zai fito. Mu 'yan Faskari mun san zafin rashin layi, tun da aka rufe mana sadarwa a 2021, mu da Ƙanƙara da Sabuwa. Yaya za mu yanke wa wani nasa?

Sai muka je muka gaya wa Malam komai. Bai doke mu ba. Yanzu duk ranar Alhamis bayan an tashi, muna da rabin awa a ɗakin kwamfuta, da izini.

Daga 'yan kulob ɗin jarida, JSS 2