Kujerar Direba Ta Kalli Hanya

Wani dattijo Bajamushe, da ya ajiye aiki, ya sayi motar nan ta Volkswagen mai ɗakin kwana a ciki, irin wadda kamfanin Westfalia ya fara shiryawa a 1951. Ga gado, ga murhu, ga ɗan teburi, amma wuri ya yi ƙunci.

Aka ba shi shawara ya sa faifan ƙarfe ƙarƙashin kujerun gaba, don su riƙa juyowa wajen teburi in an yada zango. Ya zuba kuɗi ya sa wa duka biyun.

Ta uwargida ta biya bukata. Ran da ruwan sama ya tsare su, juyowa kawai ta yi, suka ci abinci suna fuskantar juna. Tasa kuwa sai wahala. Sitiyari ya tokare ta, kuma ba ta juyawa sai ya saki birkin hannu, wanda a gangare ganganci ne. Faifan kuma ya ɗaga ta, har kansa na gogar rufi.

Daga ƙarshe ya cire nasa faifan. To, jama'a, mai sha'awar irin wannan mota ya juya kujerar fasinja, ya ƙyale ta direba.