La Roshel: gida bisa teku

Daga birnin Pari, jirgin ƙasa yana kai mutum La Roshel cikin kimanin awa uku. Garin na bakin tekun Atlantika, a yammacin Faransa, kuma tsoffin hasumiyoyi uku ne ke gadin ƙofar tsohuwar tasharsa. Amma abin da ya kai ni can yana kudu da su: Minim, ɗaya daga cikin manyan matsayun jiragen ruwa na shaƙatawa a Turai, inda dubban jirage ke ɗaure a jere kamar dabbobi ranar kasuwa. Nan ne ake baje kolin jirage da ake kira Grand Pavois kowace shekara a wajen watan Satumba, tun 1973.

A cikinsu akwai wanda ake ce ma katamaran. Sunan ya fito daga harshen Tamil na kudancin Indiya, ma'anarsa itatuwan da aka ɗaure. Kwale-kwale biyu ne dogaye aka haɗa da dandamali. A tsakiya akwai falo da madafa, ɗakunan kwana na cikin kwale-kwalen, a bisa kuma manyan ƙyallaye ne ke kama iska. Kamfanin Fountaine Pajot, wanda aka kafa a 1976, yana ƙera irinsu kusa da garin.

Wani tsohon ma'aikaci da matarsa, waɗanda suka saida gidansu suka koma zama cikin irin wannan jirgi, sun karɓe ni da shayi. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne kofin bai zame daga tebur ba: saboda faɗinsa, katamaran ba ya karkata kamar jirgi mai jiki ɗaya. Kuma bai nutse cikin ruwa sosai, yana iya matsowa dab da gaɓa. Sai dai idan ya kife, ba ya tashi da kansa. Don haka mai shi ke rage ƙyalle tun iska ba ta yi ƙarfi ba.

Ƴan kasuwa za su so jin lissafi. Sabon katamaran mai tsawon mita 12, da kayansa, yana haura Yuro 400.000, watau fiye da miliyan 260 na Sefa. Mai neman na hannu sai ya ɗauki ƙwararre ya fitar da jirgin daga ruwa ya duba jikinsa, injinansa biyu da takardunsa, kafin ya biya. Bayan haka ne ainihin kashe kuɗi ke farawa. Faɗin jirgin ya kusa mita 7, shi ya sa tashoshi ke karɓar kuɗin wuri fiye da na sauran jirage. Ga inshora, ga harajin shekara, ga fentin ƙasan jirgi, ga gishirin teku da ba ya barin ƙarfe lafiya. Masu jirage kan ƙiyasta cewa hidimar shekara na cin kusan kashi ɗaya cikin goma na farashin. Sayen doki ba wuya, harawa ce aiki.

Zaman ma sai da ƙididdiga. Ana kewaye da ruwa, amma kowace lita ta sha a lissafe take. Wata na'ura ce ke tace gishiri, ita kuma wutar hasken rana take ci. Wanda ya taso kusa da rijiya mai gaba talatin ya san wannan tsimi. Tafiya kuwa yanayi ke yanke ta: masu ƙetarawa zuwa Karayib na tashi daga tsibiran Kanari a ƙarshen Nuwamba, bayan lokacin guguwa, su yi sati biyu zuwa uku ba su ga ƙasa ba. Ko a tasha ba a tsira: guguwar Xynthia ta yi ɓarna a Minim a Fabrairun 2010, Irma kuma ta farfasa jirage masu yawa a tsibirin San Martan a 2017.

Da yamma, ina barin jirgin, na waiwaya na ga maigidan durƙushe yana kwance wani famfo, matar tana duba labarin iskar gobe. Mai kallo daga gaɓa hutu yake gani. Su kuwa sun bar ofis ne suka ɗauki aikin makaniki, mai gadi da ma'aji a haɗe. Wanda ya yarda da wannan ciniki, teku ta buɗe masa hanya. Wanda kuwa hoton kawai ya gani, gara ya yi hayar sati guda tukuna.