Dokin Ƙarfe Ko Dokin Gawayi?

Tun muna yara muke jin ana yi wa keke kirari da dokin ƙarfe, kuma ba mu taɓa zaton za a wayi gari a ce ga keken da babu ƙarfe a gangar jikinsa ba. To, amma masu iya magana sun ce in da ranka ka sha kallo. Yau ga shi cikin kekuna 'yan Kwatano da ake saukewa a Sakkwato, jifa-jifa akan ci karo da wanda aka ƙera firam ɗinsa da wani baƙin zare da ake kira kabon, wato ɗan'uwan gawayi, wanda mutum zai ɗaga da hannu ɗaya ba tare da ya yi nishi ba. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a kan wannan batu shi ne, mun tsinci kanmu cikin masu zaɓe tsakanin wannan baƙo da kuma ƙarfen da muka gada, kuma muna kyautata zaton abin da muka gano zai amfani 'yan'uwa, musamman malaman makaranta da suke da yawa a cikin wannan ƙungiya tamu.

Ƙasarmu ta Boɗinga da Shagari ƙasar malamai ce tun asali. A Sifawa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, kuma marigayi Alhaji Shehu Shagari sai da ya riƙe alli shekara da shekaru kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979. A zamanin iyayenmu kuwa, in ka hango mutum da farar riga ya ɗaure ƙafar wandonsa a kan Raleigh, wanda suke kira Rali, to ko dai malamin makaranta ne, ko malamin gona, ko na asibiti. Asalin wannan keke daga birnin Nottingham ne na ƙasar Ingila, har ma kamfanin ya taɓa kafa masana'anta a Kano. Daga baya Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya suka shigo, suka sauƙaƙa wa talaka. Dukkansu kuwa ƙarfe ne zalla, masu nauyin da ya tasam ma kilo 20, ga kariya a baya wadda za ta ɗauki buhun gero ko ta goya mai haƙuri zuwa asibiti.

Da babur ya yawaita sai keke ya koma abin yara da masu tallar kankana. Har ma a shekarar 2001, lokacin da Ministan Sufuri na wancan zamani, Cif Ojo Maduekwe, ya riƙa kira ga jama'a su koma hawan keke, dariya aka yi ta yi masa. Ranar 29 ga Mayu, 2023 ce ta tsayar da wannan dariya, domin kuwa a ranar ne Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta kai dubu. Malamin sakandare da ke zaune a Dingyaɗi yana koyarwa a wani gari ba ya bukatar wanda zai yi masa lissafi. Da muka ga kuɗin mai ya fara cin na cefane, sai muka jingine babur a zaure, muka ƙudurta cewa in ɗaukar adashenmu ta malamai ta zo, keke za mu saya.

Da ɗauka ta zo, sai muka tafi birni tare da babban ɗanmu, wanda ke aji biyu na babbar sakandare. Niyyarmu keke irin na hawan duwatsu, ba don akwai wasu tsaunuka a Dingyaɗi ba, sai don hanyoyinmu na rairayi da marmara da kwazazzabai sun fi jituwa da faffaɗar taya da giya mai yawa. A jihar Kalifoniya ta Amurka wasu samari suka ƙago irin wannan keke a shekarun 1970, kuma a 1981 kamfanin Specialized ya fara fitar da shi kasuwa da yawa. Mai shagon ya jera mana guda uku, na ƙarfe da na alminiyum da na kabon. Tun da yaron nan ya ɗaga na ukun idonsa bai sake komawa kan sauran ba. Ya ce, "Baba, wannan shi ne irin wanda 'yan tsere ke hawa. In ka shiga makaranta da shi babu ɗalibin da zai yi maka dariya."

Maganar ta taɓa mu, domin ba ƙarya ya yi ba. Malamin da ya sauka daga babur ya koma keke yana jin idon ɗalibai a bayansa, yana kuma jin na abokan aiki. Sai dai kuɗin da aka sa wa keken ya kusa albashinmu na wata huɗu, wato adashen duka da ɗan abin da uwargida ta tara. Saboda haka muka roƙi mai shago ya ba mu mako guda mu yi shawara, muka koma gida muka shiga bincike da tambaya.

Ga abin da muka fahimta. Shi wannan zare ana samo shi ne daga wani nau'in roba da ake tacewa daga ɗanyen mai, wato dai man da muke gudu shi ne uwarsa. Akan ja robar ta zama siraran zaruruwa, a gasa su a zafin da ya haura digiri 1,000 a inda iska ba ta shiga, har kusan komai ya ƙone sai kabon ya rage. Sirantarsa ta kai a haɗa kamar guda goma kafin su yi kaurin gashin kai ɗaya. Akan tara dubbansa a shimfiɗa kamar ƙyalle, a jiƙa da wani irin danƙo mai ƙarfi, a jera shi falle a kan falle da hannu a cikin mazubi, sannan a gasa ya daskare. Mafi yawan wannan aiki a Taiwan da ƙasar Sin ake yin sa. Tun 1986, shekarar da Ba'amurke Greg LeMond ya lashe babban tseren keke na Faransa a kan firam mai bututun kabon, 'yan tsere suka fara juya wa ƙarfe baya.

Kada mu tauye wa kabon haƙƙinsa. Firam ɗinsa kilo ɗaya ne ko da ɗan ɗoriya, alhali na ƙarfe yakan haura kilo biyu. Ba ya tsatsa, kuma in ba a buge shi ba yakan daɗe yana aiki. Amma ƙarfinsa a tsawon zaren yake, tamkar karan dawa, wanda in ka ja shi ta tsawo ba za ka tsinka shi ba, in kuwa ka taka shi ta gefe sai ya fashe. Ƙarfe in ya sha duka yakan lotsa ko ya lanƙwashe, ya nuna maka ciwonsa tun da wuri. Shi kuwa kabon fallayensa kan rabu ta ciki fenti yana nan lumui, sai ranar da zai karye gaba ɗaya ba sallama. Wanda ya sayi ɗan Kwatano bai san faɗuwa nawa keken ya yi a hannun mai shi na farko ba. Daɗin daɗawa, akwai jabun firam da ake liƙa wa sunayen manyan kamfanoni, waɗanda ido kaɗai ba ya rarrabewa.

Duk wannan karatu ne. Wanda ya warware mana zare da abawa wani dattijo ne mai gyaran keke a bakin kasuwa, wanda tun Ralin mahaifinmu shi ke yi masa faci. Mun nuna masa hoton keken a waya, muka ce, "Baba, me ka gani?" Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Malam, wanga ba ƙarhe na ba. In ya tsage ba ni iya mai walda, kuma ban san mai iyawa ba. Ina ma wurin ɗaura kariya?" Muka sake dubawa, babu. Kekunan tsere ba a yi su don kaya ba, kuma in aka matse bututun kabon da maɗaurin ƙarfe don a sa kariya ana iya murƙushe shi. Haka nan kusoshinsa akwai iyakar ɗaurin da aka ƙayyade wa kowanne, wanda sai da sifana ta musamman mai awo ake gane shi, alhali mu a nan makaniki ba ya sakin sifana sai ya ji hannunsa ya gaji.

Dattijon nan bai tsaya nan ba, ya tambayi girman tayar. Irin waɗannan kekuna na zamani inci 29 ne ko 27.5, alhali abin da ke rataye a rumfarsa inci 26 ne da 28. A ƙasar da tsidau da ƙayar aduwa ke jiran mai keke a kowace kwana, tayar da sai an je birni ko an aika Kano kafin a same ta ba abokiyar tafiya ba ce. Birkinsa ma na mai ne, ba na waya ba, in ya yi yoyo sai wanda ya san kansa. Nan muka ga cewa mai sayen firam ba firam kaɗai yake saye ba, har da masu gyaransa da kayan gyaransa yake saye, in kuwa babu su a garinsu to ya sayi abin kallo.

Da dare muka zaunar da yaron muka ba shi alli, muka ce ya yi mana lissafi, tun da shi ɗan ajin kimiyya ne. Nauyinmu kilo 72. Littattafan aikin ɗalibai na aji biyu da jaka da gorar ruwa, a ce kilo 8. Ranar kasuwa ga tiya biyu ko uku ta gero. Keken kansa da sauran kayansa, a ce kilo 13. Ya tara ya samu abin ya haura 90. Muka ce to ya cire kilo ɗaya da rabi, wato abin da firam ɗin kabon zai rage mana, ya gaya mana kashi nawa ne cikin ɗari. Ya buga ya ce bai kai biyu ba. Ya yi shiru, can ya ce, "Amma Baba, ya fi kyau." Muka ce haka ne, ɗan maciji ma kyau gare shi.

Ba muna cewa kada kowa ya sayi kabon ba ne. Ga wanda tsere ne sana'arsa, kilo ɗaya shi ne tsakanin na ɗaya da na goma. A wasannin Olamfik na birnin Paris a 2024, Ese Ukpeseraye, wadda ita ce ta fara wakiltar Nijeriya a tseren keke a wannan gasa, sai da tawagar Jamus ta ara mata keke kafin ta shiga tseren cikin fili. Irinta su suka cancanci a saya musu mafi kyawun kabon da ke duniya. Idan kuma wani ɗan'uwa yana da hali kuma ransa ya biya, to ga abin da za mu ce ya lura da shi. Ya wanke firam ɗin ya duba shi a cikin rana, musamman mahaɗar wuya da gindin feda da inda sandar sirdi ke shiga, ko zai ga tsaga ko kumburin fenti. Ya ƙwanƙwasa bututun da tsabar kuɗi daga farko har ƙarshe, inda ƙarar ta dushe to akwai alamar rabuwa a ciki. Ya nemi lambar da aka buga a ƙarƙashin firam, in an kankare ta ya bar shi. Ya tsaya a kansa ƙafafu a ƙasa ya tabbatar akwai sarari tsakaninsa da bututun sama, domin firam ɗin da ya fi ƙarfin mutum ko na zinariya ne ciwon baya zai ba shi. Sannan ya tambayi kansa wa zai gyara masa.

Mu dai na ƙarfen muka ɗauka, mai taya inci 26 da birkin waya, aka ɗaura masa kariya a ranar. Abin da ya rage na adashe ya biya kuɗin jarrabawar yaron, ya kuma sayi buhun taki biyu. Ɗalibai sun yi 'yar dariyarsu ta mako guda suka gaji, kuma kafin zangon ya ƙare malamai uku sun bi sahu, har inuwar darbejiyar da ke gaban ofis ta fara yi wa kekuna kaɗan. Sau ɗaya kariyar ta ɓalle a hanya saboda nauyin kaya, mai walda ya liƙe ta kafin mu gama alwala. Yaron har yanzu hoton na kabon yana cikin wayarsa, kuma mun yi masa alkawarin ranar da ya kama aikin kansa, in ya saya, mu ne za mu fara ɗanawa.

A ƙarshe muna da roƙo ga 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa. Mun cika littattafanmu da manyan motoci da gidajen bene, alhali jama'ar da muke rubutawa dominsu a kan keke da jaki suke zuwa gona da kasuwa. Dattawa masu gyaran keke suna da kalmominsu da labaransu na zamanin Rali, kuma ɗaya bayan ɗaya suke tafiya da su. Wanda ke neman abin rubutawa ya je rumfar mai faci ya zauna yini guda da littafinsa, zai tashi da abin da ya fi ƙarfin shafi goma. Allah Ya ba mu abin hawa mai albarka, Ya kuma kai mu gida lafiya, amin.